Ruwan da Ba Ya Jiran Damina

Ni fa ba da ni aka shirya tafiyar nan ba, jawo ni aka yi kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ina zaman zamana a kasuwar Aziziyya a Riyad, in sauke kwalayen tumatir, in sha shayina, in zolayi 'yan Bangaladash, in koma gida unguwar Shifa in miƙe ƙafa. Ban nemi lada ba, ban nemi teku ba. Bakina ne ya ja mini.

Akwai wani direba da ke kawo mana mangwaro daga Jizan, baƙi ne wuluk kamar ni. Kullum in ya zo sai na ce masa, kai Bahaushe ne, sace ka aka yi kana ƙarami. Ran nan ya gaji da ni ya ce shi ɗan asali ne, ga ma sunan ƙauyensu a bakin teku, in na isa in je in tambaya. Da ya faɗi sunan sai na ji kamar na taɓa jinsa. Ai kuwa na sha jinsa. Tun ina yaro Kawu yake maimaita shi kamar wuridi.

Da na koma gida muna cin abinci na ce, "Umma, yau na ga ɗan garin matata."

Matar tawa ita ce kakata, mahaifiyar Umma da Kawu. Ban taɓa ganinta ba, amma jika ai miji ne, ko a ina take. Na zaci dariya za a yi. Sai Umma ta ajiye cokali, ta miƙa hannu ta ɗauki waya ta kira yayanta.

Labarin dai ga shi. Mutanenmu masunta ne daga wajen Yawuri. Kakana ya ɗauki iyalinsa za su Makka ta ƙasa, yau a mota, gobe a ƙafa, a tsaya a yi ƙwadago a ƙara gaba. Da suka kai bakin teku ta wancan ɓangaren suka shiga jirgin katako. Kawu na da shekara goma sha biyu, Umma na goye. Kakata ta kamu da zazzaɓi a cikin jirgin. Mai jirgi ya sauke su a wani ɗan tsibiri kusa da gaɓa ya juya abinsa, ita kuma ranar ta cika. Kakana ya haƙa da guntun katako da hannunsa, ya rufe ta, ya jera fararen duwatsu uku a wajen kai. Daga nan suka tako zuwa ƙauyen da ke kallon tsibirin, aka ba su ruwa da gurasa, suka wuce. Sun yi hajji sun koma gida su uku.

Kawu ya girma a bakin kogi yana su, har kifi ya yi ƙaranci, ya zo Riyad ya zama mai gadin wata istiraha can bayan unguwar Nasim, irin gidan hutun nan da masu hali ke zuwa ƙarshen mako. Aure ya riga ya kawo Umma. Shekara ashirin Kawu yana bakin ƙofar nan, kowace shekara sai ya ce bana zai je ya ga Inna. Bana babu hutu, baɗi babu mota, wata shekarar bai san ma ta ina ake bi ba. Yanzu tsufa ya zo, kafili, maigidan da ya tsaya masa, ya ce ba zai sabunta iƙama ba, wato takardar zama, an buga masa huruj, fita ke nan ba dawowa. Jirginsa ran Juma'a bayan la'asar. Ni kuma na buɗe bakina ran Litinin.

Na ce, "Umma, Jizan fa ba Batha ba ce da ke nan cikin gari. Awa goma sha biyu ne in mota na da lafiya."

"Kai ba direba ba ne?"

"Direban tumatir."

"To yau ka ɗauki mutum. Ni da ƙafafun nan za su iya, da ban roƙe ka ba. Ka kai Yaya ya gaishe ta, da tawa gaisuwar."

Ka ji fa. Wa zai ce a'a bayan wannan? Mudir, manajanmu a wurin aiki, ya ara mini wanet, akori-kurar da muke kai kaya baƙala-baƙala, wato kantunan unguwa, ya ce in na dawo da ita da ko ƙwarzane ɗaya zai yi mini irinsa a goshi. Direban mangwaro ya kira wani baffansa, tsohon masunci a ƙauyen, ya ce ga baƙi nan. Kawu bai samu kafili ya sake shi ba sai ran Laraba da azahar. Lissafin ke nan: mu tashi Laraba da la'asar, mu isa Alhamis da hantsi, mu juyo kafin magariba. Yini ɗaya tak, ba ƙari.

Kawu ya fito da farin kaftani a leda, an goge shi har yana yanka, ya rataye a bayan kujera. Ga hula sabuwa, ga kwalbar turare.

Na ce, "Kawu, ziyara za mu ko zance?"

"Uwata zan gani, ɗan nema. Kai da aka haifa cikin iya-si me ka sani?"

"Ka dai yi a hankali, matata ce. Kar in ga kana rawar kai."

Ya yi dariya har da tari. Dariyarsa ta ƙarshe ke nan da na gani.

Hanya dai hanya ce, ba abin faɗa. Yashi, gidan mai, yashi, sai duwatsu, sai gangara mai sa birki wari. Gari na wayewa muka sauko ƙasan duwatsun, zafi ya rufe mu, wani irin zafi mai jiƙa riga, ba irin na Riyad mai gasa mutum a bushe ba. Kawu ya sauke gilashi ya leƙa, ya ƙi mayar da kansa. Gonakin dawa. Riɗi an ɗaure dami-dami. Jakuna. Ɗakuna masu tsinin kai irin na kara da jinka. Mata baƙaƙe da malafa suna kora awaki.

Ya ce, "Kai, tsaya. Ashe gida ne a nan?"

"Kawu, Saudiyya ce."

"Dubi dawar can! Wannan ai kaura ce. Wallahi in ka rufe mini ido ka sauke ni nan, cewa zan yi an kawo ni bayan garinmu."

Duk abin da ya gani sai ya ba shi sunan na gida. Yanzu in na tuna, daga nan matsalar ta fara.

Muka bar kwalta muka bi wata hanya fara fat saboda gishiri, muka ratsa ƙauyuka biyu, kowanne rabinsa a kulle. Na ukun shi ne namu. Gidaje ba su da yawa, masallaci a ta baya, sai mage ko'ina. Na faka inda hanya ta ƙare na fito ina miƙa, na duba gabana.

Na ce, "Kawu, an sace tekun."

Don babu shi. Laka ce shimfiɗe iya ganinka, launin toka, tana ƙyalli. Jiragen masunta na kwance a kan haƙarƙari kamar shanun da ciwo ya kayar. Can nesa, nesa ƙwarai, akwai wani zare mai walƙiya, wai shi ne ruwan. Ni da na saba ganin teku a waya yana tsalle yana kumfa, na ji kamar an cuce ni kuɗin mai.

Tsohon masuncin ya fito ya tarbe mu, ɗan siriri, da zane ɗaure a ƙugu, ƙafafunsa kamar itacen girki. Larabcinsu daban ne, sai na kasa kunne sosai nake kamawa. Kawu kam ko kalma, don nasa Larabcin na bakin ƙofa ne, mafi mushkila, fi mushkila, shi ke nan. Ni ne tafinta.

Tsohon ya ɗaga sanda yana nuna mana abin da ke gaba ɗaya bayan ɗaya. Wancan dogon tsibirin akwai mutane a cikinsa a da, har da rijiya, amma rijiyar ta koma gishiri suka tashi. Na bayansa tsuntsaye ne kawai. Wancan mai duhu raƙuma ake kai wa su ci ganye. Ƙauyen da ke hannun dama 'yan uwansu ne, samarin duk sun tafi birni, saura tsofaffi da masu jiran su mutu a rufe gida. Sannan ya sauke sandar kan wanda ya fi kusa, ɗan ƙarami, kwance kamar faifan da aka kife, da 'yan itatuwa a gefe ɗaya.

Ya ce wannan su tsibirin Takari suke ce masa, wato mu, baƙaƙen da ke zuwa hajji daga yamma. Masu jirage nan suke zubar da mutane a da. Duk wanda ya mutu nan ake rufe shi. Duwatsun na nan, ba mai taɓa su.

Ban ma gama fassarawa ba na ga Kawu ya riga ya gane. Ya tsaya ƙyam, leɓensa na motsi.

Tsohon ya ce mu tafi yanzu. Tafiyar ba ta kai awa ba, mu bi sawun raƙuma, nan ƙasar ke da ƙarfi. Mu yi abin da za mu yi mu juyo kafin azahar, don ruwa zai dawo.

Na ce, "Kawu, ya ce mu wuce yanzu-yanzu. Wai ruwan zai dawo."

"Yaushe?"

"Yau. Bayan azahar."

Kawu ya dube ni, ya dubi sama. Ko gajimare ɗaya babu.

"Da wane hadarin?"

"Ni dai haka ya ce."

"Kai dai ba ka ji daidai ba, ko kuwa ya ga baƙi yana mana wasa. Yanzu wane lokaci muke? Rani ne ko ba rani ba? Ruwa in ya janye ya janye ke nan, sai damina ta zagayo. A bakin kogi aka yanke mini cibiya. Dubi yadda lakar nan ta yi, a garinmu da tuni an dasa albasa a kanta. Kuma ni da ƙafata na tako daga can zuwa nan, ina riƙe da buta, Baba na ɗauke da uwarka. Ƙasa ce. A irin wannan lokacin ne ma."

"Kawu, teku fa ba kogi ba ne."

"Ruwa ba ruwa ba ne? Kai za ka koya wa ɗan Sarkawa ruwa? Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka?"

Na juya na gaya wa tsohon cewa kawuna ya ce shi ma masunci ne, ya san ruwa. Tsohon ya ɗaga gira, ya sake cewa bayan azahar fa. Na sake faɗa wa Kawu, amma gaskiya a karo na biyun da sanyi-sanyi na faɗa, kamar mai isar da saƙon da bai dame shi ba. Tun jiya da la'asar nake riƙe da sitiyari. Idona kamar an zuba barkono. Ga ƙamshin kifi na tasowa daga cikin gida. Kuma ni kaina ban ga yadda za a yi wancan zaren da ke can ƙarshen duniya ya zo nan cikin awa uku ba. A makaranta an taɓa zana mana wata da kibiya da ruwa, ranar ina bayan aji ina sayar da cingam.

Kawu ya ce, "Ka ce masa mun gode. Amma ni ba zan je wa uwata da dattin hanya da warin fetur ba. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta gan ni ba. In yi wanka, in sa tufafina, rana ta yi sanyi, mu taka a tsanake."

Tsohon ya ce baƙo sarki ne. Ina jin ya ɗauka mai furfura irin Kawu, masunci kuma, ya san abin da yake yi, wataƙila wanka kawai zai yi mu wuce. Shi yana da kasuwa a ƙauyen gaba, ranar take ci. Ya sa aka kawo mana abinci ya hau motar wani ya tafi.

Gurasar dawa ce mai zafi daga tanderu, da gasasshen kifi, da man riɗi a ɗan kwano. Wallahi ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba, kuma har yau in na tuna daɗinsa sai in ji kunya. Kawu ya ɗan taɓa ya ce kifin teku ba shi da maiƙo, ina ma tarwaɗa. Ya yi wanka a bayan masallaci. Na ga yana sa maɓallin kaftani, maɓalli ɗaya sai ya yi ta fama. Ya zauna ya ce bari ya ɗan huta. Na ce nima. Akwai fanka a barandar masallacin. Daga wurin ba a ganin gaɓa, gidaje sun tare.

An kira azahar muka tashi muka yi, mu da tsofaffi huɗu da ba su san abin da ya kawo mu ba. Na ce, "Kawu, mu je?" Ya leƙa waje, rana kamar za ta fasa kai. Ya ce, "Tana nan, ba inda za ta." Ban sani ba ko kakata yake nufi ko ƙasar. Na koma na kwanta.

Wani sauti ne ya tashe ni wajen la'asar, fas, fas, kamar ana wanki. Kawu ya riga ya sa hula, ya shafa turare har yana hawa kai. Muka zagayo bayan gidajen.

Jiragen nan da ke kwance duk sun miƙe, suna rausaya. Ruwa har gindin wanet, yana lasar taya. Inda muka tsaya da safe babu shi. Sawun raƙuma babu. Shuɗi ne kawai daga ƙafarmu har tsibirin, shi kuma ya ƙara ƙanƙancewa, kamar an tura shi baya.

Kawu ya ce, "Ba nan ba ne. Ka biyo da mu wata hanya."

"Ga motarmu nan, Kawu."

Ya dubi motar. Can ya ce, "An yi ruwa a sama ne?"

"Wane sama?"

"Ko dam suka buɗe?"

Wannan a Aziziyya da na samu abin ba'a na wata guda. A wurin ko murmushi bai zo mini ba.

Muna tsaye tsohon ya dawo daga kasuwa da buhu a kafaɗa. Ya dubi farin kaftanin Kawu, ko ɗigon laka babu, ya gane ba mu je ba. Ya ajiye buhun ya tafa hannu, ya yi ta salati.

Na kama shi da roƙo. Duk Larabcin da na tara a titi na zazzage masa, ya ammi, don Allah, don iyayenka, ga jirage nan, minti nawa ne. Ya ce da jirgin nasa ne shi kaɗai da ya yi kasada. Amma nan bakin iyaka ne, kowane jirgi da sunayen waɗanda aka yarda su hau, a rubuce. Aka ga baƙo a ciki za a karɓe takardar, kuma da ita 'ya'yansa da jikokinsa ke ci. Izini sai an je gari, yau Alhamis, an riga an tashi. Na ce to yaushe ruwan zai koma? Ya ce cikin dare, amma daga magariba ba mai taka gaɓa, masu sintiri na zagayawa. Sai gobe da hantsi. Gobe ya ce da kansa zai raka mu.

Na faɗa wa Kawu duka, wannan karon ban rage ko kalma ba. Gobe da hantsi in muna nan, jirgi zai tashi ba shi, hurujin ya ƙone, ya zama mai laifi a ƙasar da ya yi wa gadi shekara ashirin. Ya san wannan ya fi ni sani.

Ya tattare kaftani ya shiga ruwan.

Na ce, "Kawu! Kawu, wasa kake?"

Ya ci gaba. Gwiwa, cinya. Tsohon na ta ihu wai akwai rami a tsakiya, ruwan na ja. Na cire waya na jefa kan buhu na bi shi. Ruwan ɗumi kamar na wanka, ƙasan kuwa laka ce mai haɗiye ƙafa, ka zaro wannan waccan ta nutse. Da na cim masa ruwa ya kai masa ƙirji, ni yana taɓa mini haɓa in ya yi tsalle. Ko kashi ɗaya cikin goma na tafiyar ba mu yi ba. Na damƙi kaftanin ta baya.

"Sake ni."

"Ba zan sake ba."

"Na ƙetare kogin Kwara da dami a ka. Sake ni, ja'iri."

"Lokacin kana da haƙora. Kawu, ni ban iya ruwa ba. Wallahi ka ƙara taku ɗaya tare za mu, sai dai a ƙara duwatsu shida a can. Ka je ka gaya wa Umma."

Ya ja, na ja. Sai na ji jikinsa ya saki.

Ya tsaya a wurin, ruwa na dukan ƙirjinsa, ya ɗaga murya yadda masunta ke kiran juna daga gaɓa zuwa gaɓa.

"Inna! Inna, ni ne!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan wani jirgi.

"Na zo. Ga ni nan. 'Yar da kika bari ta rayu, 'ya'yanta shida, ga autan nan ya riƙe mini riga. Ta ce a gaishe ki. Baba ya koma gida lafiya, a gida ya rasu, a ɗakinsa. Ban manta ba, Inna. Aiki ne. Ba a ba ni hutu ba."

Daga nan ya koma addu'a a hankali. Ni ina bayansa riƙe da riga kamar ɗan akuya, gishiri na shiga mini baki. Na so in ce wa matar tawa wani abu, ko da wasa ne, ban samu ba.

Muka fito. Takalminsa ɗaya ya zauna a laka, hular ta tafi. Farin kaftani ya koma kalar toka daga ƙirji zuwa ƙasa. Tsohon ya kawo shayi, Kawu bai karɓa ba. Ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale yana kallon tsibirin. Na ce mu kama hanya, ya ce a bari a yi magariba.

Rana na gab da faɗuwa ya nuna mini ƙasa da yatsa. Ruwan ya bar tayar motar. Ya ja baya kamar taƙi guda, ya bar jiƙaƙƙen yashi. Muna kallo ya ƙara kamu ɗaya.

Ya ce, "Ga shi yana tafiya."

"Eh."

"Kullum haka yake yi?"

Na tambayi tsohon. Ya ce kullum, sau biyu, tun da Allah Ya yi shi.

Kawu ya gyaɗa kai. Aka kira salla, muka yi, muka shiga mota. Daga nan har Riyad bai ce mini ko sha ruwa ba. In na tsaya shan mai ya zauna a ciki, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ni kuma ina tuƙi ina lissafin awa uku da na yi ina barci a ƙarƙashin fanka. Na juya lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya yake ba ni.

Juma'a da hantsi muka shiga Shifa. Akwatunan Kawu biyu na falo an ɗaure su da igiya. Umma ta yi waina da miyar taushe, ta sa turaren wuta kamar ranar salla. Tana zaune a kujerarta, ƙafafun a kan matashi. Ta dubi kaftanin, lakar ta bushe tana zuba a kan kafet.

Ta ce, "Yaya, har ƙasa ka zauna a wurinta?"

Kawu na kakkaɓe lakar ta sake jefo tambaya.

"Duwatsun na nan?"

Kawu ya ce, "Ba mu kai ba."

"Ba ku gane wurin ba?"

"Mun gane. Ga shi kamar nan da masallacin Juma'a. Wannan yaron naki ne, da ci da barci. Ya cika ciki da kifi ya miƙe kamar gawa."

Na ce, "Ni? Kawu, ka ji tsoron Allah. Sau biyu na gaya maka mutumin ya ce ruwa zai dawo."

"Haka ake faɗar magana? Kana faɗa kana hamma? Da ka faɗa da ƙarfi da na ji."

"Ka ce kai ɗan Sarkawa ne! Ka ce albasa za ka dasa!"

"To kai da ka yi boko, ba ka san teku na tafiya yana dawowa ba? Me aka koya muku?"

"Kai da ka tsaya shafa turare kamar ango?"

"Ni kake gaya wa haka? Na ga haihuwar uwarka!"

"Shekara ashirin kana Nasim, Kawu. Ni yini ɗaya na ɓata."

Wannan ta shige shi, na gani a fuskarsa, kuma ban ji daɗin na faɗa ba, amma bakin ya riga ya tafi. Ya miƙe yana nuna ni da yatsa, wai laifin ruwan banza ne da ba shi da lokaci, ruwan da ba ya jiran damina ai ba ruwan kirki ba ne, munafuki ne, yana tafiya yana leƙowa. Ni ma na ce eh, tekun ne ɗan iska, wa ya aike shi. Muka haɗu a kan tekun muna ta zaginsa, shi ya ɗauko nan ni in ɗauko can, don ya fi sauƙi a kan mu dubi matar da ke zaune.

Umma ta sauke ƙafafunta daga kan matashi, ɗaya bayan ɗaya. Ta ja faranti ta rufe wainar.

Ta ce, "Ku bar zaginsa haka. Shi kullum sau biyu yake zuwa wurinta. Ku sau ɗaya aka aike ku."